Malamina ya ce in cire mata daga bincikena

Assalamu alaikum 'yan uwa, admin a sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara.

Ni ɗaliba ce a fannin lafiya nan Gombe, shekarar ƙarshe. Project ɗina a kan wani maganin hawan jini ne, nakan zauna a asibiti ina tambayar masu shan sa yadda yake musu. Mazan yawanci su ce lafiya lau. Matan kuwa, wannan ta ce jiri, waccan ta ɗaga zane ta nuna min ƙafa ta kumbura suntum, in kin danna sai wurin ya lotsa. Wata Mama mai kayan miya daga unguwar Herwagana takalmi ma ya daina shigarta, ta ce ta faɗa wa likita, ya ce mata tsufa ne.

Na kai wa malamin da ke duba aikina rahoton ina murna na gano wani abu, ko gama karantawa bai yi ba ya kama dariya. Wai mata akwai raki, yau al'ada, gobe ciki, jibi tunani, za su ɓata min sakamako, in cire su in bar maza, ai jiki duk jiki ne. Na ce Malam, matan fa sun fi yawa a layin, kuma su ma shi suke sha. Ya ce in ina son fita bana in yi abin da aka ce.

Haka na fito na hau keke na koma gida. Mutumin da ke tsayawa a aji yana mana wa'azin amanar majinyaci. Yanzu ko muryarsa na jiyo sai in ji ƙyama.

Yayata ta ce in cire kawai in karɓi takardata, ba ni zan gyara duniya ba. Ƙawata ta ce in kai ƙara wurin shugaban sashe, to amininsa ne, kwano ɗaya suke ci.

Na kusa haƙura. Sai ga shi watan jiya an ɗora Ummanmu a kan maganin nan, yau da safe tana alwala ta ce, "Ke da kike karatun asibiti, zo ki duba min ƙafar nan."

Jibi zan miƙa aikin. In goge matan in fita, ko in bar su in maimaita shekara? Ku faɗa min gaskiya, in ku ne ya za ku yi?