Ƙwaya Gare Ni, Allura ga Ma'u

Yaya Maharazu, Karaye,

Bayan gaisuwa, ya jikin Inna? Ya gyaɗar bana? Ni alhamdu lillahi, tabon hannuna yana ɓacewa.

Likitan asibitin kutaren nan gwaji yake yi. Ya raba mu gida biyu ta hanyar ƙuri'a, rabi sabuwar ƙwaya, rabi tsohuwar allura, wai don a kwatanta sakamako. Ƙwaya ta faɗo mini, allura ta faɗo wa Ma'u 'yar garin Gwangwan, abokiyar ɗakina. Ranar Laraba aka kai ta makwanci. Har yanzu nakan mance ba ta nan, in zuba tuwo kwano biyu.

Ka aiko mini da daddawa. Kuma don Allah ka tambayar mini Malam Liti: lafiyar da aka auna da jikin wata, ta halatta gare ni?

Allah ya sada fuskokinmu.

Ƙanwarka, Rahmatu