Ki Ƙara Shafin Komawa Gida

Assalamu alaikum jikata Bilkisu, amaryar tsoho. Yaya aiki, yaya maigidanki da yara, yaya sanyin Jos? Mu nan Birnin Gwari sai godiya.

Littafin da kika rubuta wa matasa ya iso, kawunki Sale ya karanta mini, tunda ban yi boko ba. Yaron nan da ya bi 'yan bindiga daji ya ba ni tausayi, hukuncin alƙali kuma ya yi daidai. Amma ban yarda da ƙarshen ba. Kin ce mutane sun koma ƙauyensu, sai kika ajiye alƙalami. Haba! Me suka tarar? Tsamiyar bakin rijiya tana nan? Ciyawa ba ta cinye kabarin kakarki ba?

Sale ya ce ai ƙagaggen labari ne. Na ce ƙarya yake, ƙauyenmu ne da muka baro bayan Dogon Dawa.

Ki ƙara shafi. Ki sa wani tsoho cikin masu komawa, ya share ƙofar gidansa ya zauna. In ƙafata ba ta kai ba, ke ki kai ni a takarda.

Ki sa mu a addu'a, ki gaishe mini da kowa.

Kakanki,
Ɗanjuma