Shaidar da Na Hana Yayanku

Da sunan Allah. Ni Sajo na Kutama na rubuta wannan da hannuna, hankalina garau, ƙafafu ne kawai suka ƙi ni. Dabo, Altine, Asta, ku zauna wuri ɗaya ku karanta.

Na ɗaya. Shanu da gonar bakin rafi a raba yadda Allah ya ce. Malam Bashari ya san rabon gado tun ba a haife ku ba, kada Dabo ya ce zai koya masa.

Na biyu. Rabon yayanku shi za a fara fitarwa. Na san za a samu mai cewa ya zubar mana da mutunci. To ku ji abin da ban taɓa gaya muku ba.

Shekara goma sha ɗaya ke nan, yana malamin sikeli a rumfar sayen gyaɗa a Gwarzo, aka kama ya taɓa sikelin, yana cin manoma kwano guda a kowane buhu. Ya aikata, ba ƙage ba ne. Aka kai shi Kano gaban majistare. Kafin a shiga, tafintan kotu, wani Musbahu, ya ja ni gefe. Ya ce hukuncin zamba ba ɗaya ba ne, doka ta ba alƙali zaɓi daga wata shida zuwa shekara uku. Zai duba yawan abin da aka ci, ko laifin farko ne, ko mai laifi ya amsa, sannan ko akwai dattijon da zai tsaya masa. Yaron ya amsa, kuma na farko ne. Saura ni.

Aka kira ni, aka ce wannan ɗanka ne, me ka sani na halinsa? Kun san gidanmu: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yabonsa. Ko yana goyo ban taɓa ɗaukarsa ba. Ga ɗaki cike da mutane. Na sunkuyar da kai na ce yaron gidanmu ne, ba ni da ta cewa. Musbahu ya maimaita tambayar har yana ƙifta mini ido. Na yi shiru. Majistare ya ce wanda ubansa ya kasa shaidarsa, babu dalilin sassauta masa. Shekara uku.

Wata shida nasa ne. Shekara biyu da rabi kuwa nawa ne, shi ya zauna mini su.

Da ya fito bai dawo ba, ya tare a Masanawa yana noma. Kuna cewa kunya ta hana shi zuwa. Fushi ne, kuma yana da gaskiya. Sau biyu ina kama hanyar gidansa, in kai har Kabo, in juyo da jakina. Wannan nadama da ita nake kwana.

Na uku. Altine, ki daina hana 'ya'yanki zuwa gidansa. Dabo, kunyar ɗan fari tana da wurinta, amma ranar da naka ya shiga uku, ka buɗe baki.

Na huɗu. Dabo, ka kai masa takardar nan da ƙafarka, tun ina numfashi. In ban jira ba, ku roƙe shi ya sa ni a kabari. In ya ƙi, kada wanda ya zarge shi.

Allah ya yi muku albarka, ya haɗa kanku ku huɗu, ba ku uku ba.

Ga shaidar da aka nema a wurina, ko da yake kotu ta tashi. Sunansa Uwaisu. Ɗana ne. Na san halinsa, kuma na tsaya masa.