Rumbun Zubair

Ajingi, farkon bazara

Yaya Uwais,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da Anti Hussaina da yara. Na ba Maiwada direba wannan takarda ne saboda in ka kira ni kuka ke cin ƙarfina, katinka ya ƙare a rarrashi.

Ka tuna ƙarfen nan mai girman wayar hannu da Abban Muslima yake kira rumbunsa? Duk abin da ya ɗauka yana ciki, har wasansa da Muslima da tilawar da ya sauke a azumin bara. Kwamfutarsa ta ƙone kafin ya kwanta ciwo, sai ya cire shi ya ajiye. Yanzu yana cikin akwatinsa a shagon mahaifinsa, Baba Malam, makulli na hannun Baba.

Yaya, cikin nan ya fara motsi. Ina so abin da zan haifa ya ji muryar ubansa. Za ka iya jona shi a kwamfutar shagonka?

Ƙanwarka,
Haulat

Gaya

Haulat,

Wa alaikumus salam. Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan Zubair, ya sauke ki lafiya.

Na san rumbun, ai tare muka sayo shi a Kano. SSD ne, ma'ajin kwamfuta irin na manyan kamfanoni, na hannu, sun more shi kafin ya iso mana. Bakinsa kamar na sauran yake, amma wayar kwamfutar tebur ba ta yi masa. Sai an soka wani kati a cikin injin, a ɗaura shi a kai, a kafa masa fanka, don zafi yake kamar dutsen guga. Na riga na aika a sayo katin.

Abin da ya tayar mini da hankali daban ne. Irinsa an yi shi ne ya kwana ya tashi a kan wuta. Idan ya tsufa, aka bar shi watanni ba lantarki a wuri mai zafi, abin da ke ciki a hankali yake gogewa. Shagon Malam Datti kuwa rufin kwano ne, ga bazara ta kama. Yau na rubuta masa ya ara mini shi na yini ɗaya.

Yayanki,
Uwais

Ajingi

Zuwa ga ɗana Uwais,

Bayan sallama irin ta addinin Musulunci, takardarka ta iso, na kuma gode da kulawarka.

Abin da mamacin ya bari dukiyar marayu ce, kuma akwai mai ciki. Ba a raba gado sai ta sauka, kafin nan ko allura ba za ta fita daga akwatin ba. Na raba gado a gidaje da dama daga nan har Balan, na ga zumunci ya watse a kan abin da aka ɗauka da kyakkyawar niyya. Ba zan hana mutane in zo in aikata a gidana ba.

Batun gogewa kuma, ka kwantar da hankalinka. Littattafan mahaifina tun ina yaro suke a ɗakin nan, ko wasali bai ɓace ba.

Allah ya yi maka albarka.
Datti

Ajingi, bayan kaka

Zuwa ga ɗana Uwais,

Sallama da fatan alheri. Kamar yadda ka gani ranar suna, an yi wa jaririn huɗuba da sunan mamacin. Jiya aka raba gado. Ƙanwarka ta roƙi ƙarfen ya faɗa cikin rabonta, aka ba ta. Ga shi nan a hannun Maiwada.

Wata buƙata gare ni. An ce yaron nan, Allah ya jiƙansa, ya ɗauki tilawarsa a ciki. Ni na ɗora shi a allo, amma tun da ya girma ban taɓa zama na saurare shi ba, ka san ɗan fari ne. Idan ta samu, ka zuba mini a wayata. Ba sai mutanen gida sun ji ba.

Wassalam,
Datti

Gaya

Haulat,

Salam. Ya jego, ya ɗan baba? Na rasa ta inda zan fara.

Na ɗaura shi a katin, na kunna, kwamfuta ta gan shi. Sunayen duk suna nan a jere yadda Zubair ya rubuta su, har na yi hamdala. Da na fara buɗewa sai hotunan suka fito a farfashe, sautin kuma ƙara ce kawai. Na Muslima ko ɗaya bai buɗu ba. A tilawar ya yi gyaran murya, ya yi a'uziyya da bisimilla, daga nan shiru. Na kai wa waɗanda suka fi ni a Kano, suka ce iyakar abin da ya rage ke nan.

Na yi kuka a shago, gaban kwastoma. Raina kuma a ɓace yake, don na faɗa tun da wuri. Yanzu Malam yana jiran tilawar, duk da ya ce kada a ji. Ni dai so nake in gaya masa abin da zafin shagonsa ya yi. Amma kayanki ne, me kika ce?

Yayanki,
Uwais

Ajingi

Yaya Uwais,

Salam. Na karanta, na yi kukana na share.

Ka zuba wa Baba Malam ɗan abin da ya rage, ka ce iyakar abin da Allah ya bar mana ke nan. Kada ka ambaci zafi, kada ka ambaci watanni. 'Ya'yana yake tsare wa dukiya. Kullum da safe sai ya aiko a kai masa jaririn, kuma har yau ya kasa kiran sunansa.

Ni ma ka turo mini bisimillar. Da ita zan fara koya wa yaron.

Ƙanwarka,
Haulat