Fulogin da ya narke

Yaya Muntaka,

Dubi fulogin da na danne takardar nan da shi, bakinsa ya narke. Cikin tsoffin da ka wanke da fetur jiya ne, ka mayar wa a-kori-kurata, irin yadda ake yi a Kaduna. Na gaya maka injin da ke shan iskar naitiros don ƙarin gudu zafinsa daban ne, ka ce ai da ita kake sa marasa lafiya barci kullum. Saura kaɗan fistin ya huje.

Na sa sababbi takwas masu jure zafi, na ja taimin, wato lokacin tashin wutar injin, baya. Na tafi tseren mota a garin Manassas, ban fasa ba.

Don Allah kada ka ƙara buɗe mini bonet. Ni ban taɓa shigar maka ɗakin tiyata ba.

Rumasa'u