Kaset ɗin surukata yana cikin jakata

Assalamu alaikum 'yan uwa. Na roƙi mai kula da zauren nan ya sakaya sunana. Don Allah ku ba ni shawara, ni dai kaina ya tsaya cak.

A London muke, ina aikin taifin a wata kwaleji a Bloomsbury. Shekara huɗu ke nan da aka yi wa maigidana dashen huhu, muka ɗauka an gama. Bara numfashi ya fara gagararsa a matakala, likitoci suka ce jikinsa ne ke ƙin huhun a hankali, kuma ba ya gyaruwa. Yanzu yana gida da robar oksijin a hanci, sallah ma a zaune. Sun sa shi a layin dashe na biyu, amma likitan bai ɓoye mana ba, ya ce na biyu ya fi haɗari, waɗanda aka yi wa ba su cika daɗewa ba, kuma ba lalle a samu huhun kan lokaci ba. Sharaɗin shi ne kada ya yi nisa da asibiti. Ina ji kamar labarin wasu ake ba ni, ko kuka ban yi ba.

Mahaifiyarsa tana Jos, ba ta rubutu, kaset take aiko mana. Sati uku da suka wuce wani da ya zo daga gida ya miƙa mini sabon kaset a tashar Charing Cross, na saurara a ofis tukuna, don na san halinta. Babu faɗa a ciki. Cewa ta yi, "An gwada sau ɗaya, ya isa haka. Ka taho gida in gan ka, in ma tafiyar ce, a yi ta a gabana."

Maigidana bai taɓa tsallake maganarta ba. In ya ji, zai sa a cire sunansa ya hau jirgi, can kuwa babu maganinsa. In na ɓoye, wataƙila ya rasu yana jira ko a ɗakin tiyata bai ga uwarsa ba, kuma ni na hana. 'Yarmu shekararta bakwai.

Jiya ya tambaye ni ko Inna ta yi aike, na ce a'a, na ci gaba da yanka albasa. Ban ma san ko don shi nake ɓoyewa ko don kaina ba. Ku gaya mini, in kunna masa ya tafi, ko in bar shi yana zaton uwarsa ta yi shiru da shi?