Furannin da Gwaggo Ke Tsallakewa

Gona, tudun Namosi
9 ga Oktoba

Gwaggo Litiana,

Gaisuwa mai yawa, da fatan idon yana sauƙi bayan aikin da aka yi miki. Zan ba Waisale mai motar gwaza wasiƙar nan, tunda waya ba ta kamawa a nan sai an hau dutse.

Sati uku ke nan ruwa bai ɗauke ba, ko zanen gadona warin rima yake. Amma gona lafiya lau. Na tono citta, na zagaye gindin masoro da ɓawon kwakwa yadda kika nuna mini. Banila kuwa, mai yaɗon nan da ake sayar da 'ya'yanta don ƙamshi, sai fure take yi. Kowace safiya ina zagayawa da ƙayar lemo ina aurar da furen da ya buɗe, ina haɗa namijin da macen don ya yi 'ya'ya, kafin rana ta yi tsaka ya rufe.

Kada ki ji haushi, Gwaggo. Kafin ki tafi asibiti a Suva na lura kina tsallake furanni da yawa, ban tanka ba don na san idon ne. Ni ko ɗaya ban bari ba. Tsohuwar banilar nan da Baba ya dasa shekarar da aka haife ni, wadda kike kira Uwa, har ranƙwafawa take don 'ya'ya. Za ki dawo ki ce 'yar birni ta yi abin kai.

'Yarki,
Mereoni

Suva
16 ga Oktoba

Mereoni,

Na amsa gaisuwarki. Sauƙi yana wurin Allah.

Wa ya aike ki? Shekara talatin ina zagaya gonar nan, ke da kika zo hutun rabuwa da miji za ki gaya mini abin da na gani da wanda ban gani ba? Takwas nake aurarwa a kowane gungu, sauran in bar su su bushe, ina kallonsu sarai. Banila ba ta san ta ƙoshi ba. Duk abin da kika ɗora mata za ta ɗauka, ta shayar da shi har ta mutu a tsaye. Uwa kuma ta tsufa, biyar ma sun yi mata yawa.

Ki ɗauki ƙaramar wuƙata da ke saƙale bayan ƙofa, ki gasa bakinta a wuta, ki rage 'ya'yan nan tun suna ƙanana. Yau, ba gobe ba. Duk banilar gonar nan daga jikin Uwa aka yanko ta, kuma ita kaɗai ta rage cikin abin da hannun ubanki ya taɓa.

Ina gaida Waisale da iyalinsa.

Gwaggonki

Gona
30 ga Oktoba

Gwaggo,

Ina gaisuwa, ina kuma neman gafara. Wallahi kunya ta hana ni cin abinci kwana biyu.

Na rage wa sauran. Uwa ce na kasa. Sau uku ina zuwa da wuƙar ina dawowa. 'Ya'yan sun kai tsawon yatsana, kore shar, ni na aurar da su ɗaya ɗaya. Kin san abin da ya fitar da ni daga gidan mijina Peni, shekara tara ko ɓari ban taɓa yi ba. Sai na ce bari in ƙara mata sati ɗaya, ƙila ta iya.

Yanzu ganyenta ya fara rawaya daga ƙasa, jikinta ya yamutse kamar fatar hannun tsohuwa. Waisale ya ce zai sayo mini takin zamani a garin Navua. In sa?

Sannan wa ya rubuta miki wasiƙar nan? Faɗan naki ne, amma rubutun ba naki ba ne. Ki gaya mini gaskiya, hankalina ba a kwance yake ba.

'Yarki,
Mereoni

Suva
6 ga Nuwamba

'Yata,

Na ji gaisuwa. Takin zamani bai taɓa shiga gonar nan ba, ba kuma zai fara a kan Uwa ba, ƙone ta zai yi. Ki ce wa Waisale ya tsaya a tuƙinsa.

Adi Sereima ta cocinmu ce ke rubutawa, tana nan tana kuka tana ɓata mini takarda. Aikin idon bai yi ba. Na dama ya tafi, na hagu inuwa kawai yake gani. Likita ya faɗa tun kafin wasiƙarki ta farko, na riƙe a cikina don ina so ki zauna a gonar da son ranki, ba don tausayina ba. Ba zan ƙara aurar da fure ba, Mereoni. In ba ke ba, babu kowa.

Na san abin da ya riƙe miki hannu. Ni ma ban haifa ba, ko kin manta? Duk shekara da ciwon rai nake tsallake furannin nan. Je ki yanke duka, kada ki bar mata ko ɗaya. In ta riga ta tafi, ki nemi reshe mai rai kamu ɗaya ki dasa a gindin bishiyar kirfa.

Allah ya tsare.

Gwaggonki

Gona
20 ga Nuwamba

Gwaggo,

Ina gaisuwa. Na yanke duka, amma na makara. Uwa ta bushe ranar Talata.

Reshe ɗaya na samu mai sauran kore, yana gindin kirfa. Bai yi toho ba, bai kuma mutu ba. Waisale zai ɗauko ki ranar Asabar, na share hanyar da za ki bi. Ki zo in ɗora hannunki a kansa ki gaya mini ko zai rayu, ni ban iya ganewa ba.

'Yarki,
Mereoni